Baka ko Bindiga: Da Wanne Za Ka Fara Farautar Barewa a Dazukan Arewacin Minesota?

Duk shekara idan watan Agusta ya raba, sai wani cikin ƙannenmu da ke zaune a Minneapolis ko St. Paul, a jihar Minesota ta Amurka, ya tare ni bayan an idar da sallar Juma'a, ya ce, "Yaya, bana ina so in shiga dajin nan. Baka zan saya ko bindiga?" Wani ya ci naman barewa ne a gidan aboki, ɗanɗanon ya tsaya masa a rai. Wani kuwa kakansa maharbi ne a gida, barewa kuma ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amsar ba ta tsayuwar bakin masallaci ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta ta.

Ra'ayina shi ne, wanda bai taɓa harbin babbar dabba ba, kuma abin da yake nema nama ne na halal ya kai wa iyalinsa, to ya fara da bindiga a watan Nuwamba. Ni kaina baka ya fi kwanta mini a rai, kuma akwai waɗanda baka ne kaɗai ya dace da halinsu, zan zo kansu. Amma abin da ya raba makaman nan biyu ba kuɗinsu ba ne, ba kuma daɗin riƙewa ba. Abin da ke faruwa ne daga lokacin da ka saki harbi zuwa lokacin da naman ya huce.

Barewar da ake magana ita ce mai farar wutsiya, wadda ta cika dazukan arewacin Minesota da Wiskonsin da Mishigan har cikin Kanada. Ta fi barewarmu ta Sahel girma nesa ba kusa ba. Mace babba, bayan an fitar da kayan ciki, takan kai kilo 45 zuwa 55, ka samu tsoka zalla kusan kilo 20 ko fiye. Namiji ƙosasshe ya wuce haka sosai.

Lokaci

A Minesota ana buɗe farautar baka a tsakiyar Satumba, ba a rufewa sai 31 ga Disamba. Wata uku da rabi ke nan. Ta bindiga kuwa ana buɗe ta ranar Asabar a farkon Nuwamba, kwana 16 a yankin arewa maso gabas, kwana 9 a yawancin sauran jihar. A Wiskonsin kwana 9 ne, daga Asabar ɗin da ke gaban bikin Thanksgiving na ƙarshen Nuwamba. A Mishigan daga 15 zuwa 30 ga Nuwamba, ko da wace rana ta faɗo.

A ido, baka ya yi nasara a nan. Mai aikin asibiti ko tuƙin babbar mota, wanda ba shi da ikon zaɓar ranar hutunsa, zai ga wata uku sun fi masa kwana tara. Sai dai ka tambayi kanka nawa ne cikin kwanakin nan za ka iya shiga daji da gaske. Daga Minneapolis zuwa Duluth tafiyar awa biyu da rabi ce, dajin gwamnati na Superior yana can gaba, na Chippewa yana wajen Grand Rapids da Cass Lake. Maharbin baka yakan yi zaman kwanto a kan bishiya sau goma, sha biyar, kafin barewa ta zo masa inda kibiya za ta kai. Idan kowane zama sai ka ci awa shida a mota zuwa da dawowa, wata ukun nan a takarda kawai suke. Farautar bindiga kuwa an ɗora ta daidai lokacin barbara, sa'ad da maza ke yawo da rana tsaka suna bin mata, hankalinsu ya rabu. Ganye ya zube, ana hango nesa, sau da yawa ga dusar ƙanƙara a ƙasa tana nuna sawu. Hutun kwana huɗu a wannan makon ya fi Asabar takwas na Oktoba albarka ga sabon shiga.

Abu ɗaya da baka ya fi a nan: a yankunan da sai an yi ƙuri'a kafin mai bindiga ya samu izinin harbin mace, mai baka yakan harbi mace ko namiji da lasisinsa kawai. Amma a wasu yankunan arewa maso gabas, inda tsananin sanyi irin na 2013 zuwa 2014 da na 2022 zuwa 2023 ya rage barewa, ga kuma kyarkeci, hukumar DNR mai kula da albarkatun jihar takan ce namiji kaɗai za a harba. Kowace shekara taswirar na canzawa, don haka ka karanta littafin dokokin bana, kada ka dogara da na bara.

Yadda kowanne ke kashewa

Maharbanmu na gida da dafi suke kisa. Kibiyar 'yar siririya ce, aikinta ta huda fata ta shigar da dafin kwankwani, sauran aikin na dafi ne. A nan dafi haramun ne a doka. Kibiyar nan tana da kai mai kaifi kamar aska, doka ta ce faɗinsa kada ya gaza inci bakwai cikin takwas, da baki biyu aƙalla, kuma da zubar jini kawai take kashewa. Idan ta ratsa huhu biyu, barewa ta yi gudun daƙiƙa goma ko sha biyar ta faɗi, mutuwa mai sauƙi ƙwarai. Idan ta kauce da faɗin tafin hannu zuwa baya, hanta ta samu. Ta ƙara kaucewa, tumbi. Ta yi gaba, ta daki ƙashin kafaɗa ta tsaya.

Ga kuma nisa. Baka na zamani mai 'yan tayoyi a kai da gindi, wanda ake kira kampawun, yana jefa kibiya kamar mita 80 zuwa 90 a daƙiƙa. Sauti kuwa yana tafiya mita 340 a daƙiƙa. Ma'ana, ƙarar tsirkiya tana riga kibiya isa kunnen barewa, ita kuma kafin ƙiftawar ido ta durƙusa za ta zabura, sai kibiyar da ka auna huhu ta same ta a gadon baya ko ta wuce ta sama. Shi ya sa masu hankali ba sa wuce mita 20 zuwa 30. Kafin barewa ta zo kusa haka ba ta sansano ka ba, sai ka san iska kamar yadda manomi ya san gonarsa, ka kuma iya jan tsirkiya tana tsaye a gabanka ba ta ga motsinka ba. Doka ta yarda da bakan da nauyin jansa ya kai laba 30, amma yawancin maza 50 zuwa 60 suke ja, kuma jan laba 60 da rigar sanyi uku a jiki, bayan awa uku kana daskare a kan bishiya, daban yake da jansa a bayan gida da rana.

Harsashin bindigar farauta mai lamba .308 ko .30-06 yana fita da gudun da ya haura mita 800 a daƙiƙa. Kafin barewa ta ji ƙara ya riga ya isa. Yana karya ƙashin kafaɗa ya wuce, yana lalata huhu da faɗi, don haka kuskuren da zai sa kibiya ta raunata kawai, harsashi yakan kashe da shi. A dajin arewa mai duhu, cikin fadamun itacen sida da kurmin itacen asfen, da wuya ka yi harbin da ya wuce mita 70 ko 80. Wannan ne ya sa tsohuwar bindiga .30-30, wadda ta fito tun 1895, har yau take hannun dattawan yankin. Mutum mai natsuwa, idan ya je filin koyon harbi sau huɗu ko biyar ya daidaita madubin saiti, zai iya sa harsashi cikin faifai a mita 100. Baka kuwa sai an yi watanni ana harbi kusan kullum, kuma idan ka ajiye shi hannu yana mantuwa.

Akwai na tsakiya, wato baka mai kunama, wanda ake ɗanawa a ajiye a harba kamar bindiga. Wiskonsin ta buɗe shi ga kowa tun 2014, Minesota ta bi a 2023. Ya ɗauke wahalar ja da riƙewa, ana kuma koyonsa cikin 'yan kwanaki. Amma kibiya ce dai, da jini take kashewa, kuma duk abin da zan faɗa nan gaba ya shafe shi. Haɗarinsa ma shi ne yana sa mutum ya ji kamar bindiga ce a hannunsa, ya harba daga mita 60.

Bayan harbi

Nan ne zancen yake, kuma nan ne na fi so mai karatu ya tsaya.

Hukuncin asali sananne ne. Ka yi niyya, ka ce Bismillahi lokacin sakin harbi, makamin ya huda ya zubar da jini. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke cikin Buhari da Muslim ya bambanta abin da makami ya huda da tsininsa, wanda ake ci, da abin da ya buge da faɗinsa, wanda ba a ci. Kibiya ba a taɓa saɓani a kanta ba. Harsashi ya zo daga baya, malamai suka yi nazari, manyan Malikiyya na baya, musamman na birnin Fas, suka ba da fatawar halasci domin yana hudawa yana zubar da jini fiye da kibiya ma. A kan haka ake tafiya. Idan ka iske dabbar da sauran cikakken rai, wajibi ne ka yanka, kuma idan sakacinka ne ya sa ta mutu kafin ka yanka, misali wuƙar tana can cikin jaka a mota, ka yi asarar ta. Saboda haka wuƙa a ƙugu take zama, ko da wane makami ka fita.

To ga inda hanya ta rabu. A darasin farautar baka ana koya maka cewa bayan harbi kada ka sauko nan take. Idan huhu ka samu, ka jira rabin awa. Idan hanta ce, jinin ya yi duhu, ka jira awa huɗu zuwa shida. Idan tumbi ne, ka ga ɗanyen abinci a jikin kibiya da wari, ka janye a hankali ka ba ta awa takwas zuwa sha biyu. Dalilinsu mai ƙarfi ne: barewar da aka raunata takan kwanta kusa, idan ba a tashe ta ba nan za ta mutu, idan kuwa aka tashe ta sai ta yi kilomita ba tare da ɗigon jini ba, ta shige fadama, ba mai sake ganin ta. Matsalar ita ce yawancin harbin baka a Satumba da Oktoba da yamma ake yin sa, a rabin awar ƙarshe kafin duhu, daidai shigar magariba. Awa takwas daga nan, dare ya raba. Sai da safe ke nan.

Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san abin da ta ce a babin farauta: abin da kibiyarka ta kashe ka ci, matuƙar bai kwana ɓoye gare ka ba. Sannan ta kawo ɗaya ƙaulin, cewa wannan sharaɗin na abin da kare ko tsuntsun farauta ya kashe ne, amma idan aka samu kibiyar a makasa, ba laifi a ci. Ka lura da kalmar makasa. Barewar da ta kwana ita ce daidai wadda ba a samu a huhu ko zuciya ba. Ga kuma abin da malamai suka ji tsoro tun farko, wato wani abu dabam ya taimaka wajen kashe ta, a wannan dajin ba zato ba ne. Arewacin Minesota ne ya fi ko'ina yawan kyarkeci a Amurka in ka cire Alaska, ga koyoti mai kama da dila, ga beyar da ba ta shiga barcin sanyi ba tukuna a Satumba. Ka dawo da asuba ka iske an cinye cinya ɗaya, wa ya ƙarasa ta, kai ko su?

Ya taɓa faruwa da ni, a shekarata ta biyu da baka, farkon Oktoba. Mace ce, mita 25, ta ɗaga ƙafa daidai lokacin da na saki. Na ga inda kibiyar ta shiga, na san ta yi baya. Na sauko na yi magariba a gindin bishiyar, na koma mota, daren nan ban runtsa ba. Da gari ya waye na same ta ba nisa, ba abin da ya taɓa ta, amma daren bai yi sanyi ba, ciki ya kumbura, naman cinya ta ciki ya soma kore. Ko da na bi ƙaulin da ya sauƙaƙa, naman ya riga ya tafi. Na ɗaura mata takardar lasisina kamar yadda ya kamata, farautata ta shekarar ta ƙare a nan. Abin da ya fi damuna shi ne awannin da ta yi tana shan wahala saboda hannuna. Risala ɗin nan dai ita ce ta ce farauta don wasa makaruhi ce, kuma tun ranar na daina harbin yamma da baka sai in dabbar tana tsaye cik, a gicciye, ƙasa da mita 20.

Da bindiga ma ana raunatawa, kada wani ya ce na ce ba a yi. Amma sau da yawa barewar tana faɗuwa kana kallo, ko cikin mita 50. Idan ta motsa kana da harsashi na biyu nan take, alhali a lokacin baka doka ba ta yarda ka ƙarasa da bindiga ba, sai dai wata kibiyar. A Nuwamba barewa na yawo da safe da hantsi, don haka yini guda yana gabanka na bin jini, jan jini a kan farar ƙanƙara kuwa ko yaro ya bi shi. Kuma kakan iso da wuri har ka samu yankawa. Sai dai a kula: kofaton barewa yana tsaga cikin mutum, ƙahon namiji kuma ba a wasa da shi. Ka zo mata ta baya, in ka ga ido a rufe ko kai a ɗage to da ƙarfinta, ka ƙara harbi a wuya ko ƙirji da Bismillah, sannan ka sa wuƙa.

Kare ba ya farautar barewa a Minesota, wanda ya saba da farautar gida ya riƙe wannan. An dai yarda a bi sawun wadda aka raunata da kare ɗaure da igiya, kuma akwai masu irin karnukan da ake kira su zo su taimaka. Haska fitila da dare don harbi, zuba hatsi don jawo barewa, sayar da naman, duk laifi ne.

Takardu da gida

A nan ne wasu za su ga baka ya zame musu dole. Wanda aka haifa bayan 31 ga Disamba 1979 ba ya samun lasisin farauta da bindiga a Minesota sai da shaidar kammala darasin kiyaye haɗarin bindiga. Ba shi da wuya, manya na iya yin yawancinsa ta intanet. Akwai kuma izinin ɗan koyo, wanda ke ba ka damar fita shekara biyu ba tare da shaidar ba, muddin kana tare da babba mai lasisi. Lasisin barewa ga mazaunin jiha dala 30 da 'yan kai ne, baƙo kuwa yana biyan kusan 200.

Babbar maganar ita ce matsayinka a ƙasar. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna iya mallakar bindigar farauta. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta aiki, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga da harsashi, sai ta 'yan ƙofofi, ɗaya daga ciki ita ce ya kasance yana da lasisin farauta mai aiki. Ranar da lasisin ya ƙare, bindigar da ke ɗakinka ta zama abin da zai iya jawo maka kora daga ƙasar. Wanda takardunsa ba su cika ba kuwa, ba shi ba bindiga sam. Baka ba ya cikin wannan dokar. Saboda haka ɗalibi, ko wanda ke jiran takardu, ni shawarata ya bar bindiga har ƙafarsa ta tsaya, ko ya ga lauya kafin ya taɓa ta. Haka wanda ke ɗakin jami'a, ko gidan haya mai yara ƙanana da ba wurin ajiye akwatin ƙarfe mai makulli, ko wanda uwargida ta ce ba ta yarda bindiga ta kwana a gidan ba. Maganarta abin saurare ce.

Kuɗin kaya kusan kunnen doki ne. Bindiga mai madubi ta masu farawa da baka kampawun da kayansa duk sukan tashi dala ɗari biyar zuwa dubu. Sai dai bindiga jikanka ma zai gaje ta, baka kuwa sai an auna shi da tsawon hannunka, tsirkiya na tsufa, kibau na karyewa.

Mutane a daji

Ranar buɗe farautar bindiga, mutum wajen 400,000 ke shiga dazukan Minesota, a Wiskonsin sun haura rabin miliyan. Dole kowa ya sa hula da riga masu launin ruwan lemo mai ƙyalli, ko ruwan hoda mai ƙyalli. A filin gwamnati da ke kusa da titi za ka ji harbi ta ko'ina da sassafe. Wannan yana da amfaninsa, domin mutane na tayar da barewa su koro maka ita, amma natsuwa babu. Mu da fatarmu ta bambanta da ta yawancin mutanen ƙauyukan nan, ga bindiga a kafaɗa, sai mun ninka kula da iyakar filaye. A Nuwamban 2004, a gundumar Sawyer ta Wiskonsin, gardama kan shiga filin wani ta ƙare da mutuwar mutum shida. Ka sa taswirar iyakoki a wayarka, kada ka tsallaka filin kowa ko da bin jini ne sai ka nemi izini, kuma shekarar farko ka bi wanda ya san wurin. Ni dai mafi yawan waɗanda na haɗu da su a dajin nan alheri na gani a wurinsu, har da wanda ya bar abin da yake yi ya taya ni jan barewa kusan kilomita guda.

Daji a lokacin baka kuwa wani abu ne dabam. Ƙarshen Satumba ganyen mapul ya yi ja, na asfen ya yi ruwan zinariya, ba ƙarar komai sai tsuntsaye da kurege. Barewa na zuwa kusa har ka ji tana tauna. Wanda ya ɗanɗana wannan ba ya mantawa, kuma shi ne ke mayar da ni kan bishiya duk shekara. Amma sauro na nan har sanyin farko, kaska mai ɗauke da cutar Lyme tana nan har Nuwamba, sai ka duba jikinka duk dare. Kuma faɗowa daga dandamalin kan bishiya na cikin manyan abubuwan da ke karya mafarauta, don haka ɗamarar tsaro tun daga ƙasa ake ɗaura ta. Mazaunin Duluth yana da wata dama: birnin na gudanar da farautar baka a cikin gari tun 2005, bayan gwajin iya harbi. Wanda barewa ke cin furannin ƙofar gidansa, ya tashi aiki ya hau bishiya cikin minti ashirin, shi kam baka ne nasa.

Sallah ma a lissafa ta. A Nuwamba rana na fitowa wajen ƙarfe 7, ta faɗi kafin 5, ana kuma fara harbi rabin awa kafin fitowarta. Ka yi alwala a masauki, ka yi asuba a gefen mota, ka shiga da duhu. Azahar da la'asar suna matse da juna, ga sanyin da ke daskarar da ruwa a gora, don haka ka san hukuncin shafa a kan huffi kafin ka tafi.

Nama

A Satumba zafin rana yakan haura 20 a ma'aunin Selsiyas. Barewar da ka harba sai ka farke cikin nan take, ka cusa buhunan ƙanƙara a ƙirji, ka feɗe fatar a daren, ka sassara ta shiga firiji, ga ƙuda da zanzaro suna rububi. A Nuwamba dajin kansa firiji ne. Ka rataye ta a gareji kwana biyar zuwa bakwai, in sanyin yana tsakanin 1 da 4, naman ya saki ya yi laushi. Ka dai hana ta daskarewa a daren farko, domin naman da ya daskare kafin ya saki yakan yi tauri.

Ta wajen ɗanɗano kuwa baka na da abin faɗa. Barewar Satumba ta ƙoshi da ɗanyen ganye, namanta ba ƙarni. Namijin da ke tsakiyar barbara wuyansa ya kumbura, ya rame, ga wari daga wasu baƙaƙen tabo a gwiwoyin ƙafafun baya, waɗanda in wuƙarka ta taɓa su ta taɓa nama, ka ɓata shi. Mai neman na miya ya nemi izinin mace. Sannan kibiya ba ta barin komai a nama, harsashin dalma kuwa yana tarwatsewa. Binciken da DNR ta yi a 2008 ya samu ɓurɓushin dalma har inci 18 daga ramin harbi, ƙanana da ba a gani ba a ji a haƙori. Gidan da ke da yara ko mai juna biyu, a sayi harsashin jan ƙarfe zalla. Ya ɗan fi tsada, ya kuma kashe maganar.

Abu biyu sun shafi kowa. Na farko mahauta. Naman barewa ba shi da kitse a cikin tsoka, don haka masu sarrafa shi a nan da kitsen alade suke haɗa niƙaƙƙen nama da tsiran Turawa, wasu kuma sukan haɗa naman mutane da yawa su niƙa tare. Na taɓa kai wa wani, na yi masa bayani, da na zo ɗauka na ga an rubuta alade a jikin ƙunshin niƙaƙƙen, dole na bayar da shi duka. Tun daga nan da hannuna nake yi, a kan tebur, da wuƙa biyu. In kana son niƙaƙƙe, ka sayi kitsen sa ko na rago a shagon halal na 'yan Somaliya ka haɗa. Kitsen barewar kansa a yanke a zubar, yana daskarewa a dasashi kamar kyandir.

Na biyu cutar CWD, mai lalata ƙwaƙwalwar barewa, wadda aka gano a barewar daji a Wiskonsin a 2002, ta kuma ɓulla wajen Grand Rapids a 2022. Ba a tabbatar ta kama mutum ba, amma hukumomin lafiya sun ce kada a ci wadda gwaji ya nuna tana da ita, kuma dafuwa ba ta kashe abin da ke jawo ta. Mu masu son farfesun kai, a nan sai haƙuri: ƙwaƙwalwa, idanu, lakar ƙashin baya, saifa da kaluluwa duk a bar su. A yankunan da cutar take, kai samfur gwaji wajibi ne a wasu ranaku, akwai kuma dokar hana fitar da gawar daga yankin.

Sauran kuwa duk namu ne. Dogayen tsokoki biyu na gadon baya su ne na tsire: a cire farin tantanin, a yanka da ɗan kauri, a shafa man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da yaji, wuta mai ƙarfi, minti kaɗan. In ka bar shi ya daɗe kamar na sa, zai bushe ya zama igiya. Wuya da ƙwauri, waɗanda wasu ke niƙewa ko su yar, su ne na farfesu, da citta da kanumfari da masoro da kimba, awa uku a wuta kaɗan har jijiyar ta narke ta ba romon kauri. Ina zuba shi a kan shinkafar daji ta mutanen Ojibwe, 'yan asalin yankin, wadda suke kira manoomin, suke kaɗe ta cikin kwalekwale a tafkuna a ƙarshen Agusta da Satumba. Kafaɗa ta yi dambun nama. Cinya kuwa kamar don kilishi aka halicce ta, tunda ba kitsen da zai yi ɗoyi. Rana ba ta isa shanya a Nuwamba, sai a shimfiɗa a tanda a wuta mafi ƙanƙanta a bar ƙofar a ɗan buɗe, a tsoma a labu, a mayar, a tabbata zafin cikin naman ya kai 71 a ma'aunin Selsiyas.

Wanda zai bi shawarata ya fara da bindiga, watan Agusta ne lokacin shiri. Ya yi rajistar darasin tun a lokacin, domin gurabe na cikewa kafin kaka. Ya zaɓi yanki, ya sayi lasisi kafin wa'adin ƙuri'ar mace da ke cika a farkon Satumba. Ya je filin harbi da irin harsashin da zai yi farauta da shi, ba wani ba. A Oktoba kuma ya ɗauki Asabar ɗaya ya taka dajin da ƙafa, ya nemo turbar barewa da inda maza suka goge ƙaho a jikin itatuwa, ya kuma auna nisan wurin da inda zai ajiye mota, domin duk mitar da ya shiga, da kilo 50 a bayansa zai fito ta.